KARATUN ZANE, ƊINKI DA ƘAWATA ƊAKI A FARANSA: ABIN DA YA KAMATA IYAYE DA MATASA SU SANI

Jawabin da Kwamitin Ilimi na Ƙungiya ya gabatar a taron iyaye da matasa, a nan Legas



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, limamai da malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu maza da mata, samari da 'yan mata, muna yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, mun san irin gosulon da kuka sha kafin ku iso. Allah ya saka da alheri.

Dalilin wannan zama shi ne wata tambaya da ta yi yawa a wurin kwamiti. Yaro ya gama sakandare, ko yarinya ta gama, sai a ce ita ɗinki take so, shi kuma zane yake so ko ƙawata ɗaki, kuma wai sai a Faransa za a karanta. Daga nan gida ya rabu biyu. Wani uban zai ce, "Duk kuɗin makarantar da na kashe, ƙarshenta tela za ka zama?" Wani kuwa, don son ɗansa, sai ya sa fili ko shanu a kasuwa, ya miƙa wa ejan kuɗi ba tare da ya san inda za su ba. To, duka biyun akwai gyara. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku bayanin yadda abin yake, kowa ya yanke shawara ido buɗe.

Sana'ar ba baƙuwarmu ba ce

Da farko dai, kada wanda ya raina wannan fanni. Marinar Ƙofar Mata a Kano, ana lissafin kafuwarta tun 1498. Aikin aska takwas da ake yi wa babbar riga, da ɗinkin hula, da aikin dukawa a kan fatar jar akuyar Sakkwato wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, duk fasaha ce tamu. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gini suna zuwa kallon aikinsa. Ku kuma iyayenmu mata, jeren ɗakin amarya da kuke yi, a san inda gado zai zauna da inda za a jera kwanuka da launin labulen da zai dace, ai shi ne tushen abin da Turawa suka mayar karatun digiri.

Amma ku dubi jikinku yanzu. Shaddar nan da muke kira gezna, kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ne ke saƙa ta. Atamfar holan kuwa ta kamfanin Vlisco ce, wanda yake garin Helmond a ƙasar Holan tun 1846. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, an rufe ta a 2002. Wato mu ne masu sawa, mu ne masu sayarwa a Balogun da Kantin Kwari, amma wanda ya zauna ya zana adon, da wanda ya ci babbar ribar, yana can wata ƙasa. Saboda haka in ɗanmu ya ce zai koyi zanen, ba shirme ya faɗa ba. Abin tambaya shi ne a ina, da nawa, kuma yaushe.

Makarantun da ake magana a kansu

Me ya sa Faransa? Tun 1858, da wani Bature ɗan Ingila mai suna Charles Frederick Worth ya buɗe gidan ɗinki a birnin Paris, garin ya zama cibiyar manyan teloli na duniya. Tun 1945 doka ce ma take tsare sunan babban ɗinki da suke kira haute couture, ba kowane mai keke ne zai laƙaba wa shagonsa wannan suna ba. A kan wannan kasuwa ne makarantun suka ginu, kuma sun kasu gida biyu.

Akwai na gwamnati. École des Arts Décoratifs asalinta tun 1766 ne, ana shekara biyar a cikinta. École Boulle, wadda aka kafa a 1886, ta ci sunan kafintan Sarki Louis na 14, ta kuma shahara a aikin katako da kujeru da tsara wuri. École Duperré ta fi suna a fannin tufa da yadi. Waɗannan kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da na masu zaman kansu, amma ƙofarsu ƙarama ce ƙwarai, domin 'ya'yan Faransawa kansu rububin shiga suke yi, ga karatu da Faransanci zalla. A Boulle da Duperré takardar farko ita ce DN MADE, ta shekara uku, wadda aka fara a 2018, kuma matsayinta ɗaya da digirin farko.

Sai na kuɗi. ESMOD wani tela ne mai suna Alexis Lavigne ya kafa ta a 1841. Shi ake danganta wa ƙirƙiro tef ɗin awo mai lanƙwasa da ke rataye a wuyan kowane telanmu, da gunkin da ake gwada riga a jikinsa. Akwai IFM, wadda aka kafa a 1986, a 2019 kuma ta haɗe da tsohuwar makarantar ƙungiyar manyan telolin Paris ta 1927, inda Yves Saint Laurent ya yi karatu. A fannin tsara cikin gida akwai École Camondo, tun 1944, ita ma shekara biyar. Ban da waɗannan akwai wasu da yawa, masu kyau da marasa kyau, kuma a nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata.

Me ake koyarwa?

Wani zai ce, "Yo ɗinkin da ake koya a shago shekara biyu, mene ne na zuwa Turai?" Tambaya ce mai kyau. A can sun raba aikin biyu. Akwai mai zana tufa, wanda zai fito da sabon fasali daga kansa, ya zaɓi yadi da launi. Akwai kuma mai fitar da ma'aunin yanka, wanda zai mayar da zanen nan zuwa takardu, ko ya ɗora yadin gwaji a jikin gunki yana kama shi da fil har siffar ta fito. Daga ma'auni ɗaya sai a fitar da ƙarami da matsakaici da babba bisa lissafi.

To, nan ne bambancin yake. Telanmu gwani ne, amma kowane mutum sai ya auna shi, ya yanka masa shi kaɗai. Shi ya sa duk jajibirin Sallah sai an yi cacar baki a shago. Wanda ya iya ma'auni kuwa zai yanka riga 200 iri ɗaya, ya raba wa teloli goma, ta fito ba wadda ta saɓa da 'yar'uwarta. Da haka ne ake karɓar kwangilar yunifom ta makaranta ko ta kamfani, da haka ne ake sayar wa mutumin da ba a taɓa gani ba. Ana kuma koyar da sanin zare da saƙa, da zane a kwamfuta, da lissafin abin da riga ta ci kafin a sa mata farashi.

Shi ma mai tsara cikin gida ba labule da fenti kaɗai yake koya ba. Zai koyi zana taswirar ɗaki bisa ma'auni, da yadda haske da iska ke shiga, da halin katako da ƙarfe da tayil, da hanyar da mutane za su bi su fita in gobara ta tashi a otal ko kanti. Aikinsa da magina da kafintoci da masu wayarin ne, shi ne mai riƙe da takarda.

Hanyar shiga

Abu na farko harshe. Ma'aunin da ake auna Faransanci da shi hawa shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma yawanci makarantu suna neman B2, wato hawa na huɗu, ta jarrabawar DELF ko TCF. Gaskiya ne wasu na kuɗi suna da aji da Ingilishi. Amma ɗalibi zai je koyon aiki a gidan ɗinki ko ofis, zai nemi ɗaki, zai je asibiti, duk da Faransanci. Alhamdu lillahi, mu a nan ba mu da uzuri. Akwai Alliance Française a Ikoyi, wadda aka buɗe sabon gininta a 2018, akwai kuma ƙauyen koyon Faransanci na gwamnatin tarayya a Badagiri tun 1991. Kwatano ga ta nan kusa. Waɗanda ke da dangi a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai kuwa, malamin yana cikin gida.

Abu na biyu kundin ayyuka. Makarantar zane ba ta tsaya a kan sakamakon WAEC kaɗai ba, so take ta ga abin da hannun yaro ya yi da abin da idonsa ke gani. Ku samari da 'yan mata, ku ji wannan da kyau: kada ku cika kundinku da kwaikwayon rigunan Turawa da kuka gani a waya. Malaman can sun fi ku sanin su. Ku zana hannun mai ɗinkin hula yana aiki, ku zana zanko da dagin da ke jikin ginin garinku, ku rina yadi da kanku ku liƙa, ku nuna matakan da kuka bi daga zanen farko har abin ya kammala. Abin da kuke da shi wanda ɗan Paris ba shi da shi, shi ne jarinku.

Abu na uku hanyar hukuma. Duk mazaunin Nijeriya da zai je dogon karatu a Faransa sai ya bi ta Campus France, suna da ofis a Legas da Abuja. A nan ake duba takardu, a yi hira da ɗalibi, kafin maganar biza. Suna ma da wani tsari na musamman don masu fannin zane, CampusArt. Iyaye, don Allah, duk wanda ya ce muku yana da hanya ta bayan gida, ko ya ce a tura kuɗin makaranta cikin asusunsa shi zai biya, ku riƙe kuɗinku. Ejan ba ya ba da biza, ofishin jakadanci ne ke bayarwa. Kafin a biya sisin kwabo, a tambaya a rubuce: takardar da makarantar ke bayarwa gwamnatin Faransa ta amince da ita? Tana cikin rajistar RNCP? Domin a can kalmar "bachelor" kowace makarantar kuɗi tana iya rubuta ta, ba lalle ne ta zama digirin gwamnati ba. Mai son tsara cikin gida kuma ya duba ko majalisar masu sana'ar, CFAI, ta san da makarantar.

Yanzu sai lissafi

Mu 'yan kasuwa ne, bari mu yi maganar da muka fi ganewa. A 2024, sharaɗin biza shi ne ɗalibi ya nuna yana da aƙalla euro 615 na kowane wata. Sau 12, ya zama euro 7,380. Wannan fa mafi ƙanƙanta ke nan a takarda, a cikin Paris haya kaɗai tana iya lashe shi. Manyan makarantun kuɗi irin su ESMOD da IFM, kuɗin shekara ya haura euro 10,000. Mu ɗauka dubu goman ne cif, a haɗa, euro 17,380 ke nan. Bayan da aka saki naira a 2023, euro ɗaya ya wuce naira 1,500 a 2024. A kan wannan farashi, shekara ɗaya ta haura naira miliyan 26, shekara uku miliyan 78. Ba mu sa kuɗin jirgi ba, ba kwamfuta, ba yadi da kayan aikin da ɗalibi ke saye da kansa, ba rigar sanyi.

Wani yaron zai ce, "Baba, ka biya na farko kawai, in na je zan yi aiki in biya saura." Ku yi hattara da wannan magana. Doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki awa 964 a shekara, wato wajen awa 20 a mako. Wannan yana taimakawa wajen abinci da mota, amma ba ya biyan kuɗin makarantar kuɗi. Karatun zane kuma mai cin lokaci ne, ana kwana a kan aiki. Babbar asara ita ce a biya shekara ɗaya kuɗi ya yanke, yaro ya rasa takardar makaranta, ya rasa izinin zama, kunya kuma ta hana shi dawowa. Ga fili ya tafi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ba a ga kuɗin shekarun duka a ƙasa ba, ko tallafin karatu a rubuce, a dakata.

Maganar addini da zaman ƙasar

Wannan ma ba za mu ɓoye muku ba, musamman masu 'ya'ya mata. Dokar Faransa ta 2004 ta hana sa alamar addini bayyananna, har da ɗankwalin hijabi, a makarantun gwamnati na firamare da sakandare, kuma ta shafi azuzuwan gaba da sakandare da ke cikin irin waɗannan makarantu. Jami'o'i ba sa cikin wannan doka, makarantun kuɗi kuma kowace da ƙa'idarta. Saboda haka a tambayi matsayin makarantar tun kafin a nema. Dokar 2010 kuwa ta hana rufe fuska a bainar jama'a ko'ina a ƙasar. Har ila yau, a yawancin makarantun zane akwai darasin zana jikin mutum, inda ake kawo wanda za a zana ba tufa a jikinsa. A tambayi makaranta ko darasin dole ne, a kuma tuntuɓi malamanmu tun a gida. A ɗaya ɓangaren, akwai Musulmi da yawa a ƙasar, babban masallacin Paris yana nan tun 1926, naman halal kuma ba ya wuya a manyan garuruwa. Mu da muka iya zama da Yarabawa kaka da kakanni ba mu yar da al'adarmu ba, mun san cewa zaman baƙunta tarbiyyar gida ce ke riƙe shi.

Waɗanda suka riga mu

Akwai misalai a kusa. Alphadi na Jamhuriyar Nijar ya yi karatun ɗinki a Paris, amma bai zauna can ya manta gida ba. A 1998 ya kafa bikin nunin tufafin Afirka, FIMA, ya kai shi cikin hamada kusa da Agadas, manyan teloli na duniya suka bi shi. Marigayi Chris Seydou na Mali ya yi aiki a Paris, sunansa kuwa ya fito ne da yadin gargajiyar ƙasarsu da ake rinawa da laka. Imane Ayissi na Kamaru, a 2020 aka gayyace shi cikin jerin masu babban ɗinki na Paris. Kenneth Ize na nan Nijeriya a Ostiriya ya yi karatu, ya kai zagayen ƙarshe na gasar LVMH a 2019, da ashoken maƙwabtanmu. Ga kuma Pathé'O na Abijan, wanda a shago ya koyi ɗinki, har ya kai ga ɗinka wa Nelson Mandela riguna. Kun lura? Kowannensu da kayan gidansu ya yi suna. Makaranta ta ba wasunsu dabara, amma ba ita ta ba su abin da za su nuna ba.

Shawarar kwamiti

Shawararmu ita ce a bi abin daki-daki. Yaron da ya nuna sha'awa, a fara kai shi shagon tela ko kafinta na kirki a lokacin hutu, a ga ko zai jure. Sha'awar da ta tsaya a kallon hoto, wata uku a gaban keke ya isa ya tona ta. In ya jure, ga Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda take nan tun 1947, tana da sashen zane da ɗinki. Ga kuma sashen zanen masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ake koyar da zanen yadi. Yana wannan karatu yana koyon Faransanci, yana tara kundinsa. Makon nunin tufafi na Legas, da aka fara a 2011, wuri ne da zai ga yadda kasuwar take da idonsa. Bayan nan, in ya tafi Faransa don digiri na biyu, shekara biyu ne maimakon uku ko biyar, ya je da hankalinsa, ya san abin da ya je nema, kuma a wannan mataki ne aka fi samun tallafin karatu.

Wanda Allah ya hore wa, ya kuma ga ɗansa ko 'yarsa da baiwa a fili, ba mu ce kada ya tura ba. Amma a yi yarjejeniya tun a gida cewa ilimin nan za a dawo da shi. Wanda ya dawo kuma ya sani cewa Paris garin sanyi ne, Legas garin gumi da laima. Ulu da kafet mai kauri da aka koya a can sai an sake tunani a nan. Zaure da tsakar gida da ɓangaren mata, ba malamin Paris ne zai koya masa ba, shi ne zai haɗa da kansa.

Mu kuma a ƙungiyance akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Muna roƙon manyan telolinmu da dilolin yadi su buɗe ƙofa ga yaran da ke son koyo, maza da mata. Muna roƙon waɗanda suka iya Faransanci a cikinmu su ba da ko da yammacin Asabar ne don fara koya wa yara. Duk iyalin da aka kawo wa takardar wata makaranta, su kawo ta ofishin ƙungiya mu karanta tare kafin a fitar da kuɗi, ba za mu karɓi ko kwabo ba. Taron dangi, in ji masu iya magana, maganin aikin gayya.

Iyaye, a yi wa yara uzuri a saurare su. Yara, a yi wa iyaye biyayya, a tuna cewa kuɗin nan da zafin rana aka tara su. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su sana'a mai amfani, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Yanzu sai mu ba da dama ga masu tambaya.